Karatun Ingilishi a makarantun Yamai: abin da ya kamata ɗalibai da iyaye su sani

Wani dare cikin watan Mayu, lokacin da zafin Yamai ke koro kowa daga ɗaki, na tarar da ɗan ƙanwata a ƙofar gida a unguwar Bukoki. Ya baje takardu a kan tabarma, ƙarƙashin fitilar titi. Yana ajin ƙarshe na lise, saura ƴan makonni a zauna jarrabawar BAC. A gabansa akwai rubutun Ingilishi mai shafi guda, ya bi ya ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da bai sani ba. Na ƙirga layukan, ashirin da bakwai.

"Kawu," ya ce da ni, "shekara bakwai ke nan ana koya mana harshen nan. Dokokin nahawu duk na haddace su. Amma da an miƙo mini rubutu, sai in ji kamar an sa ni a ɗaki an kashe fitila."

Kukan yaron nan kukan dubban ɗalibai ne, daga Harobanda zuwa Lazare. Ciwon nasu yana da suna, wato ƙarancin kalmomi da ƙarancin karatu. Yana kuma da magani, maganin da bai fi ƙarfin ɗan talaka ba.

Me ya sa maganar ta taso yanzu?

A Nijar in ka ce "Turanci", da yawa Faransanci za su ɗauka kana nufi, shi ya sa muke cewa Ingilishi. Shekara da shekaru Ingilishi darasi ne kawai cikin darussa, Faransanci kuwa shi ne harshen hukuma. A ranar 26 ga Maris 2025 lamarin ya sauya, da Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan sabuwar dokar da ke tafiyar da ƙasa. Dokar ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta kuma ajiye Ingilishi da Faransanci kafaɗa da kafaɗa a matsayin harsunan aiki. A cikin wannan watan ne kuma Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ƙungiyar da aka aza tubalinta a nan Yamai ranar 20 ga Maris 1970, zamanin Diori Hamani.

Ko ba doka, kasuwa ta riga ta yanke hukunci. Iyakarmu da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500. Ɗan kasuwar da ke saro kaya a Kano, Legas, Akara ko Dubai, takardunsa da Ingilishi suke zuwa. Takardar da ke cikin kwalin magani, littafin da ke tare da injin ban ruwa, darussan kwamfuta a intanet, da yawa daga cikinsu da shi aka rubuta. Injiniyoyin ƙasar Sin da suka yi aikin man Agadem da matatar Damagaram da aka buɗe a 2011, sau da yawa Ingilishi ne ke haɗa su da waɗanda ba su jin harshensu. A Maraɗi akwai Jami'ar Maryam Abacha, wadda ke koyarwa da shi tun 2013. Yaron da ya iya karanta shafin Ingilishi ya gane, ƙofofin da ke buɗe masa sun fi na tsaransa yawa.

Ina gizo ke saƙa?

Yaro na fara Ingilishi ne a ajin farko na kwaleji, wato siziyam, bayan shekara shida na firamare. Zai yi shekara huɗu ya zauna BEPC, ya ƙara uku a lise ya zauna BAC. Koyar da harshen ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1962 matasan Amurka masu aikin sa kai na Peace Corps suka fara zuwa, na farkonsu malaman Ingilishi ne, kuma ƙungiyar ta zauna har zuwa 2011. Iyaye da yawa za su tuna littafin *English for the Sahel* na kwaleji da *Go for English* na lise. Jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen Ingilishi, kuma daga nan malamai da yawa suka fito.

Matsalar ita ce yaro na haɗuwa da harshen sa'o'i kaɗan a mako, a aji mai cunkoso, sau da yawa ba kowa ke da littafi ba. Mushe ya rubuta a allo, yara su kwafe a kaye, a tashi. Da an fito, a gida Hausa ko Zabarmanci, a sauran darussa Faransanci. Abin da ya fi sauƙin rubutawa a allo shi ne dokar nahawu, don haka ita ake cika yi. Amma ranar jarrabawa rubutu ake miƙa wa ɗalibi, a ce ya karanta ya amsa tambayoyi, sannan ya rubuta nasa. Nahawu tamkar igiya ce ta ɗaure kaya. Wanda ba shi da kayan, me zai ɗaure?

Kalma nawa mutum ke bukata?

Masana sun daɗe da auna wannan. Paul Nation, wanda ya koyar a Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar Niyu Zilan, ya nuna cewa kafin mutum ya karanta rubutu shi kaɗai cikin natsuwa, sai ya san kusan kalma 98 cikin kowace 100. A shafi mai kalma 300, kalmomi shida kacal ne za su zame masa baƙi. In shafin nasa mai kalma 300 ne, ɗan ƙanwata da layukansa ashirin da bakwai ya san kusan kashi 91 cikin ɗari na shafinsa. A ido kamar ya kusa, amma kusan kowane layi akwai rami a cikinsa, kuma mai tafiya yana faɗawa rami ba ya ganin hanya.

A bincikensa na 2006, Nation ya ƙiyasta cewa karanta jarida ko littafin labari na manya na bukatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Kada wannan adadi ya karya wa kowa gwiwa, domin kalmomi ba darajarsu ɗaya ba. Guda 2,000 da aka fi amfani da su suna cike kusan kashi 80 cikin ɗari na yawancin rubuce-rubuce. Tun 1953 Michael West, wanda ya daɗe yana koyarwa a Bengal, ya fitar da jerin irin waɗannan kalmomi. A 2000 kuma Averil Coxhead ta tattara wasu 570 da ke yawan fitowa a littattafan ilimi. Muryar Amurka ma, tun 1959, ta riƙa ba da labaran duniya ga masu koyo da kalmomi kimanin 1,500 kawai.

Darasin a fili yake. A fara da kalmomin da ake cin karo da su kullum. Ɗalibin da ya ɗauki ƙamus ya ce zai haddace shi daga farko, wahala kawai ya saya.

Me za mu ɗauka daga ɗaliban ƙasar Sin?

Babu inda ake ɗaukar wannan fanni da zafi kamar ƙasar Sin. A can akwai jarrabawar shiga jami'a da ake kira Gaokao, wadda ake farawa ranar 7 ga Yuni kowace shekara. A 2024 ɗalibai fiye da miliyan 13 suka yi rajistarta. Harshen waje, wanda ga mafi yawansu Ingilishi ne, yana cikin darussa uku na dole tare da lissafi da harshen Sin, kuma a yawancin larduna yana ɗauke da maki 150 cikin 750. Babban kaso na makin nan daga fahimtar rubutu yake fitowa, har da wani sashe da ake cire kalmomi daga cikin labari, a ce ɗalibi ya mayar da kowace gurbinta.

Abu biyu suka fi burge ni a tsarinsu. Na farko, hukumar ilimi ta fitar da jerin kalmomi kimanin 3,000 da ake so ɗalibi ya sani kafin ya gama sakandare, don haka kowa ya san nisan tafiyarsa. Na biyu, a makarantu da yawa akwai karatun safe: kafin a fara darasi, aji ya ɗauki ɗan lokaci yana karantawa da babbar murya, kullum ba fashi.

Suna da tasu illar. Su da kansu suna kukan abin da suke kira "Ingilishin bebe", wato ɗalibi ya ci jarrabawa da maki mai yawa amma ya kasa buɗe baki ya gaisa da baƙo. Wannan ba abin koyi ba ne. Abin da ya kamata mu ɗauka shi ne ƙayyade buri da naci. Ku yi lissafi: kalma biyar a rana, kwana 200 a shekara, kalma 1,000 ke nan. Cikin shekara uku na lise an kai 3,000. Da yayyafi kogi ke cika.

Jarin da ɗan Yamai ke zaune a kansa

Ga wani abin da ɗalibin Beijin zai yi kwaɗayinsa. Harshensa ba shi da dangantaka da Ingilishi, kusan kowace kalma baƙuwa ce a gare shi. Ɗan Yamai kuwa ya shigo da jari biyu.

Na farko Faransanci. A 1066 Normandawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, harshensu ya zama na fada da kotu na tsawon ƙarnuka. Shi ya sa fiye da rabin kalmomin da ke cikin ƙamus ɗin Ingilishi daga Faransanci da Latin suka fito. Daren nan na rubuta wa yaron wannan jimla a bayan kayensa:

*The government decided to construct a new hospital in the region because the population is increasing rapidly.*

Na ce ya karanta da idon Faransanci. Nan take ya tsinci *gouvernement*, *décider*, *construire*, *hôpital*, *région*, *population* da *rapidement*. Kafin ya buɗe ƙamus ya riga ya gane cewa gwamnati ce za ta gina asibiti saboda wani abu da ya shafi jama'a. Kalma ɗaya ta rage masa, *increasing*, ita ma ma'anar jimlar ta nuna masa cewa ƙaruwa ake nufi. Akwai ma ƙa'idojin da ke sauƙaƙa wannan: abin da ya ƙare da *-té* a Faransanci yakan ƙare da *-ty*, *-eux* yakan koma *-ous*, *-ment* na bayanau yakan koma *-ly*, *-tion* kuwa ba ya sauyawa a rubuce.

Jari na biyu Hausa ce, kuma shi aka fi rainawa. Tebur, bokiti, direba, tela, kafinta, lauya, kotu, asibiti, duk daga Ingilishi Hausa ta aro su, yaranmu kuma suna jin su kullum a finafinan Kano. Abin ya wuce kalmomi, ya shiga ginin jimla. Faransanci na cewa *son livre* ko littafin na namiji ne ko na mace. Hausa na bambanta littafinsa da littafinta, daidai da *his book* da *her book*. Faransanci na cewa *il mange* ko yanzu yake ci ko kullum yake ci. Hausa na da "yana ci" da "yakan ci", daidai da *he is eating* da *he eats*. Malamin da ya bi ta Hausa ya bayyana waɗannan, cikin minti biyar zai gama abin da ke cin mako guda ta hanyar Faransanci.

Tarko biyu

Kama da wane ba ta wane. Akwai kalmomin da suka yi kama da na Faransanci amma ma'anarsu daban. *Library* ɗakin karatu ne, ba kantin sayar da littattafai ba. *Actually* na nufin "a gaskiya", ba "a halin yanzu" ba. *Attend* halarta ne, ba jira ba. *Lecture* lacca ce, ba karatu ba. *Coin* kuɗin ƙarfe ne, ba lungu ba. Waɗanda ake yawan gamuwa da su ba su da yawa, shafi biyu na kaye sun ishe su.

Tarko na biyu ya fi haɗari, domin ba a ganinsa. Na sake rubuta wa yaron wata jimlar:

*She gave up looking after the shop when her brother ran out of money.*

Ya yi murmushi, ya ce duk ya san kalmomin. Da na ce ya fassara, sai ya kawo bayarwa da sama da dubawa da gudu waje, maganar ta ƙi haɗuwa. Ma'anar ita ce ta daina kula da kantin lokacin da kuɗin ɗan'uwanta suka ƙare. Ƙananan kalmomi irin su *give*, *look*, *run*, *get*, *put* da *take* in suka haɗu da *up*, *out*, *off* ko *after*, sabuwar ma'ana suke haifarwa. Mu ma haka muke yi. Baƙon da ya san "ci" kaɗai, ina zai gane cin amana, cin kasuwa, cin fuska da ci gaba? Irin waɗannan a dunƙule ake koyonsu, cikin jimla.

Yaya ake riƙe kalma kada ta gudu?

A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaitawa a lokuta masu tazara ce ke rage ta. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tun kafin ya ji sunan Bajamushen. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna, ba a kuma barin na baya ba tishi.

Ga yadda za a yi. A yanka kwalin sukari ko na shayi ƙanana-ƙanana. A gaba a rubuta kalmar cikin gajeriyar jimla, a baya a rubuta ma'anarta da Hausa ko Faransanci. A duba ta gobe, a sake bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata. Wadda aka tuna ta matsa gaba, wadda aka manta ta koma farko. A riƙa furta ta da baki, domin rubutun Ingilishi da lafazinsa sukan saɓa.

A kuma koyi kalma da danginta. Kamar yadda "noma" ke haifar da manomi, "ɗinki" ya haifar da maɗinki, haka *care* ke haifar da *careful*, *careless* da *carefully*. Wanda ya san cewa *un-* korewa ce, *re-* maimaitawa, *-less* rashi, *-er* mai aikatawa, ya sayi kalma ɗaya an yi masa gyara da uku.

Ranar jarrabawa

A fara da kan rubutun, a tambayi kai me aka riga aka sani game da batun. A karanta tambayoyin kafin rubutun, don a san abin da ake farauta. Karatun farko a yi shi a guje ba tsayawa, a kamo wane ne, ina ne, me ya faru. A na biyu ne ake bi a hankali.

A sa ido a kan kalmomin da ke juya magana: *but* da *however* su ne amma, *although* ko da yake, *because* saboda, *therefore* don haka. Sau da yawa amsar tambaya tana bayan "amma". Duk inda aka ga *it*, *they* ko *this*, a koma baya a gano wa ake nufi. In an ci karo da baƙuwar kalma, a duba maƙwabtanta, a yi hasashe, a wuce. Kuma a amsa da abin da rubutun ya faɗa, ko da mutum yana da nasa ra'ayin.

Me za a karanta, a ina za a samu?

Duk dabarun nan ba sa aiki sai da karatu mai yawa, kuma mai sauƙi. Buɗe shafi, ka ƙirga kalmomin da ba ka sani ba. In sun wuce yatsun hannu biyu, ajiye shi sai gaba, nemi wanda bai kai shi nauyi ba. Babu kunya ɗan ajin ƙarshe ya karanta littafin ƴan siziyam. Minti ashirin kullum ya fi sa'a biyar ranar Lahadi.

Masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa a kewayen Babbar Kasuwa sukan samu na Ingilishi da araha. Duk mai ɗan'uwa da ke zuwa Kano, Katsina ko Sakkwato, ya yi masa saƙon littattafan firamare da na ƙaramar sakandare na Najeriya. Gajerun labaran Cyprian Ekwensi, irin su *The Passport of Mallam Ilia* na 1960, sun dace da yaranmu domin duniyar da ke ciki tasu ce, ba sai sun yi fama da baƙon harshe da baƙuwar al'ada a lokaci guda ba. Daga nan a haura zuwa *The Stillborn* na Zaynab Alkali da *Things Fall Apart* na Chinua Achebe. Cibiyar Al'adun Amurka da ke Yamai ta daɗe da suna wajen darussan Ingilishi. Wayar hannu ma makaranta ce: labarin da ka riga ka ji da Hausa a rediyo, nemo shi da Ingilishi ka karanta, rabin aikin an riga an yi maka.

Matasan da ke zaman shayi a fada kuma, kafin shayi na uku ya nuna, ana iya karanta shafi guda a zagaye, kowa layi biyu, a yi gardamar ma'anarsa. Nan ne baki ke buɗewa, nan ake tsira daga Ingilishin bebe.

Kira ga iyaye da malamai

Uwa ko uba ba sai sun ji Ingilishi za su taimaka ba. Ku ce, "Zo, ɗana, karanta mini wannan, ka gaya mini da Hausa abin da ya ce." Yaron da ya iya mayar da shafi cikin harshen uwarsa ya gane shi. Wanda ya kasa, kun gano da wuri. Ku ba ƴaƴa mata lokacin karatu daidai da maza, kada aikin gida ya cinye musu minti ashirin ɗin nan. Littafin jaka guda da za ku saya a watan Oktoba ya fi darasin gaggawa mai tsada a watan Yuni.

Malamai, ku ware minti goma na farkon darasi don karatu zalla, kuma kada ku ji nauyin bi ta Hausa ko Zabarmanci in ita ce gajeriyar hanya. Masu tsara manhaja, ku fitar da jerin kalmomin da ake so ɗan BEPC da ɗan BAC su sani, a buga shi da araha ya shiga hannun kowane ɗalibi. Tunda doka ta mayar da Ingilishi harshen aiki, wajibi ne a ba yara kayan aikin.

Ɗan ƙanwata ya yanka kwalayensa a daren nan, amma makonni kaɗan suka rage masa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙanwarsa da ke siziyam ita ce ta gaji kwalayen, tana da shekara shida a gabanta. Ɗalibi, kai ma kada ka jira watan Mayu. Yau ka nemi shafi ɗaya mai sauƙi ka karanta, ka fitar da kalma biyar, gobe ka yi musu tishi kafin ka ƙara wasu.